Kumatun Kadi

Shafi na 19

Da sunan Allah. Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce tuwonta ya ƙone tana jirana. Ku yi mini haƙuri, hannuna ba ya sauri. Mu koma gidan Tanimu.

*

Sai da rana ta take sosai Hajara ta dawo daga layin hatsi. Tun bayan sallar asuba take tsaye a bakin sito, soja yana bin layin da bulala a hannu, kuma duk tsayuwar nan jar dawa tiya biyu ta samo. Shekarar nan haka kowa yake a Yamai, ruwa ya ƙi sauka, wanda ya samu tiya biyu ma godiya yake yi.

Ko sauke ƙullin da kyau ba ta yi ba ta faɗa ɗaki wajen Balkisa.

Yarinyar tana kwance a kan tabarma, laƙwas. Wata biyar gare ta, kuma da ba haka take ba. Da in ta ji muryar uwarta sai ta hau harbin iska da ƙafafu. Kwana uku ke nan ba ta da kuzari, yau kuma abin ya fi na jiya. Hajara ta sa mata nono, ta kama, ta saki.

Ta juya fuskar ɗiyarta wajen haske. Kumburin ya dawo.

Tun Balkisa tana da sati uku abin ya fito mata, ɗan ɗigo ja a fatar idon hagu kamar cizon sauro. Kafin wata biyu ya taso ya yi tudu, ja wur kamar ɓauren da aka tsaga, ya danne idon ya rufe shi ruf. Likita Idrisa na sashen yara ya zaunar da ita da mijinta Tanimu, ya ce su kwantar da hankali, ba ciwon daji ba ne, ƙananan jijiyoyin jini ne suka cure wuri ɗaya. Ya ce da a baya ya fito ko a cinya, da sai ya sallame su su je su manta da shi, don yawanci da kansa yake sacewa kafin yaro ya isa shiga lakwal, wato makarantar boko. Amma ido ba ya jira. Idon jariri in ya daɗe a rufe bai ga haske ba, ko an buɗe shi daga baya ba zai koyi gani ba.

Ya lissafa musu hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Yanka, ya ce wurin duk jini ne, masu iya irin wannan aikin a fatar ido kuma sai an ƙetare ƙasa. Ƙonawa da ƙanƙara tana barin tabo, ga shi dab da ƙwayar ido. Wanzami kuwa, ya kalli Tanimu cikin ido ya ce ko gifta wurin kada aska ta yi. Abin da ya rage ƙwaya ce, kortizon, uku kowace safiya, a murƙushe a dama da ruwa a cokali.

Sharaɗi biyu ya kafa wa Hajara, har ya sa ta maimaita masa kamar ƴar makaranta. Na farko, kada a yanke ƙwayar kwatsam, don jiki in ya saba da ita yakan daina yin nasa aikin, sai an janye ta kaɗan-kaɗan, in ba haka ba yarinya tana iya tafiya. Na biyu, muddin tana sha jikinta ba shi da ƙarfin kare kansa, kada ta kusanci yaro mai ƙyanda ko ƙarambau. Ya ƙara da cewa kumatunta za su cika, kada ta yi murna, ba ƙiba ba ce.

Maganin kuwa ya yi aiki. Kumburin ya lafa, idon ya buɗe ɗan siriri, har wata safiya Hajara ta ga yana bin hannunta. To ga shi yau ya sake rufewa, kumatun nan kuma sun zube.

Ta miƙa hannu saman langa ta sauko da kwalbar. Ba ta iya karanta takardar likita ba, shi ya sa ta yi nata karatun: kowace rana layi ɗaya da gawayi a bayan ƙofa. Ta zazzage ƙwayoyin a tafin hannu ta ƙirga. Ta ƙirga layukan. Ta sake ƙirgawa.

Daidai suke. Ishirin da ɗaya suka rage, na sati guda. Ba a tsallake ko rana ɗaya ba.

To me ke cin yarinyar nan?

Daga tsakar gida ta ji sallamar Hajjo, maƙwabciyarsu Bazabarmiya mai sayar da kopto, kwaɗon zogale, a bakin kasuwa. Aron rariya ya kawo ta. Hajara ta fito riƙe da Balkisa a kafaɗa.

A gindin bango Tabawa tana zaune, ta riga ta kwance ƙullin dawar tana tsince tsakuwa. Yayar Tanimu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Sati biyar ke nan da ta iso daga ƙauyensu na bayan Tawa, bayan dabbobinsu sun ƙare. Da ƴaƴa uku ta baro gida, da ɗaya ta shigo Yamai. Tun zuwanta ita ke ba Balkisa magani da safe, tun da Hajara tana layi, Tanimu kuma ya tafi arewa da kamiyo, babbar motar hatsin taimako, yau kwana goma sha biyu. Ɗiyarta Kadi, ƴar shekara biyu, tana jingine da ita a naɗe cikin zane, tana ɗan tari.

Hajjo ta tsaya a kansu, ta riƙe ƙugu, ta ce a gaya mata gaskiya abin da ake dafawa a gidan nan a ɓoye, don ita ma tana da baki.

"Ran da kuka zo yarinyar nan tsinken tsintsiya ce," in ji ta. "Yanzu dubi kumatu, tubarkalla. Sak na Balkisa. Tabawa, ko nonon Hajara kike sato mata in ta yi barci?"

Ta yi dariyarta ita kaɗai. Tabawa ba ta ɗago kai ba.

Hajara ta kalli Kadi. Kullum tana ganinta, amma yau ne ta dube ta. Zanen ya zame, ƙafafun suna nan yadda suka zo, kamar kara. Wuyan yana nan siriri. Fuskar ce kaɗai ta cika, ta yi zagaye, tana ƙyalli.

Ta san wannan fuskar. Wata biyu tana goyon irinta.

Hajjo ta dubi wannan ta dubi waccan, dariyar ta tsaya mata. Ta ɗauki rariya ta ce ta bar ruwa a wuta, ta fice.

Hajara ta matso ta tsuguna. Muryarta ko tashi ba ta yi ba.

"Yaya."

Tabawa ta ci gaba da tsintar dawa.

"Yaya Tabawa, yau ƙwaya nawa kika ba Balkisa?"

"Kamar kullum."

"Nawa ne kamar kullum?"

Hannun Tabawa ya tsaya a cikin faifan. Kadi ta yi tari, ta ƙara lafewa a jikinta.

"Don Allah, Yaya. Ba faɗa zan yi ba. Sani nake so in yi."

"Ruwa da sukari na ba ta."

Hajara ta dafa bango.

Daga nan maganar ta ɓalle wa Tabawa, tana yi tana kallon faifai. Ta ce tun satin farko ta lura. Ga gari kowa na ramewa, ga jinjira ita kaɗai tana yin kumatu, sai ta gane ƙwayar nan ce. Ta ga uku sun yi wa ɗan wannan jikin yawa, ta cire ɗaya ta ba Kadi. Kwana huɗu kawai, Kadin da sai an yi dambe take haɗiyar kunu, ta miƙo hannu da kanta tana neman ƙari. Da ta ga haka sai ta mai da su biyu. Da Kadi ta soma ɗumin jiki kwana biyar da suka wuce, tsoro ya kama ta, don da haka ɗanta Bawa ya soma kafin ya cika a hanya, sai ta haɗa mata ukun gaba ɗaya.

"Kwana biyar," in ji Hajara. "Kwana biyar Balkisa ba ta sha ko ɗaya ba?"

"Ban zubar ba, ban sayar ba. Cikin gidan nan suka tsaya."

"Na gaya miki abin da likita ya ce. A nan wurin na gaya miki."

"Kin ce don ido ne."

Sai a lokacin Tabawa ta ɗago. Idanunta a bushe suke, babu ko ɗigon hawaye.

"Biyu na bizne a hanya, Hajara. Ƙasa ta yi tauri, da ɓallin ƙwarya na tona. Taki ido ɗaya ne. Ko ta rasa shi tana da wani. Ni Kadi ɗaya ta rage mini."

Hajara ta so ta yi ihu, ta so ta shaƙe matar nan, ta kuma ga ramukan wuyanta da tsagaggun dugaduganta. Ta juyo da Balkisa daga kafaɗa ta miƙa mata ita kusa da fuska. Kan yarinyar ya langaɓe baya.

"Taɓa hannunta."

Tabawa ta taɓa. Rana tsaka ce, bango ma zafi yake yi, amma ɗan hannun sanyi ƙalau.

"Ba ido ba ne yanzu, Yaya. Rai ne."

Ta koma ɗaki da gudu. Ta murƙushe ƙwaya uku da gindin kofi, ta dama a cokali, ta ɗura wa yarinyar kaɗan-kaɗan tana kiran sunan Allah. Yarinyar ta haɗiye. Hajara ta fara ƙirga numfashinta. Ba ta kai ashirin ba Balkisa ta dawo da shi duka a kan zanenta, fari fat, idonta mai lafiya ya lumshe rabi.

Ta goya ta, ta ɗaure da kyau, ta jefa kwalbar da karne, ɗan littafin asibiti, a jaka. Ta ce wa Tabawa ta tashi ta ɗauki Kadi su tafi.

Tabawa ta ja da baya har ta haɗu da bango. Ta ce ita ba inda za ta. Tun da ta zo ba ta leƙa titi ba sai da dalili, don sojoji suna kwashe mutanen ƙauye da suka kwararo gari, su loda su a kamiyo su kai su sansani can bayan gari, ita kuwa ko takardar shaida ba ta da ita. Ta ce ta ga sansanin da idonta a hanya, ta san yadda yara ke fita daga cikinsa. Ta ce Hajara ta je ita kaɗai, ta faɗa wa likita duk abin da ta ga dama, ko ta ce ɓarauniya ce ta yarda.

Hajara ta fito da kwalbar ta girgiza ta a gabanta.

"Sha takwas suka rage. Jikin Kadi ma ya saba da ita yanzu. Ran da suka ƙare, abin da kike gani a bayana shi zai same ta."

Tabawa ta kalli goyon Hajara, ta kalli ɗiyarta.

"Ban sani ba," ta ce. "Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba. Tashi."

Hajara ta buɗe akwati ta ciro zanenta na biki da mayafi da takalman da Tanimu ya sayo mata da sallah. Ta ce ta sa, ta ɗaura ɗankwali irin na matan gari, in an yi magana ta yi shiru ita za ta amsa. Takalman sun yi wa Tabawa kaɗan, dugaduganta a waje, haka ta ja su har bakin titin Maourey inda suka tari taksi.

Ba su yi nisa ba soja ya ɗaga musu hannu. Ya leƙo ta taga ya nemi takardu. Hajara ta miƙa nata, ya duba, ya nuna Tabawa da haɓa. Hajara ta kwance goyo ta juyo da Balkisa, ta janye hular daga fuskarta.

Sojan ya ga jan tudun da ya rufe ido, ya ga bakin yarinyar a buɗe. Ya kau da kai da sauri, ya mayar mata da takardarta, ya bugi rufin motar ya ce wa direba ya wuce.

A asibiti mata ne ko'ina, a baranda, a gindin itatuwa, kowa da yaro a cinya. Hajara ta san in ta bi layi sai la'asar. Allah ya sa ta hango Madam Mariama, ma'aikaciyar jinyar da ke auna Balkisa duk sati biyu. Kallo ɗaya ta yi wa yarinyar ta karɓe ta, ta ture ƙofa da kafaɗa, ta ce su biyo ta.

Likita Idrisa ya taɓa wuyan Balkisa, ya matsa fatar cikinta, ya ɗaga fatar idon dama. Ya tambayi yaushe rabonta da ƙwaya. Hajara ta ce kwana biyar, kafin nan ma ba cikakke take samu ba. Ya ɗago ya kalle ta, kallon da ya fi mari ciwo, don ita ce ta maimaita masa sharaɗin da bakinta.

Ta sunkuyar da kai. Ba ta nuna kowa ba.

Tabawa ce ta yi magana daga bakin ƙofa, murya can ƙasa. Ta ce ba laifin uwar ba ne, ita ce ta karkatar da maganin ta ba tata ɗiyar don ta yi jiki.

Likitan bai yi faɗa ba. Ya rufe ido na ɗan lokaci, ya ce ba ita ce ta fara ba a shekarar nan, sannan ya juya ya ba Madam Mariama umarni da Faransanci. Aka aske gefen kan Balkisa, don jijiyoyin hannunta sun ɓace. Sau biyu allurar tana kuskurewa. Hajara tana riƙe da ƙafafun ɗiyarta, abin da ya fi tsorata ta shi ne ana soka mata allura a kai amma ko motsi ba ta yi. A na uku aka samu. Aka tura maganin, aka rataya ruwa.

Suka tsaya suna kallon ɗigon ruwan. Hajara ba ta san tsawon lokacin ba. Ta dai ji kiran sallar azahar daga nesa ya zo ya wuce.

Can Balkisa ta yamutsa fuska. Ta ja ƙafa ɗaya. Sai ta saki wani ɗan kuka siriri, kamar na ɗan kyanwa.

Hajara ta zauna daɓas a ƙasa.

Likita ya ce kukan nan alama ce mai kyau, amma kada ta saki jiki tukuna, za su riƙe ta su ga wayewar gari. In ta farfaɗo za a mayar da ita kan ƙwayar da ƙarfi kamar farko, don an yi asarar lokaci kuma idon ya sake rufewa. In kumburin ya ƙi sauka, akwai wata hanyar da zai gwada, a yi allurar a cikin tudun kansa. Ya ce yanzu dai maganin da ke jikinta ya fi na kowane lokaci yawa, ko mura ba ya so ta kama.

Sannan ya wanke hannu ya ce a kawo masa ɗayar, ita ma sai an tsara yadda za a janye mata.

Tabawa ta kwance Kadi ta zaunar da ita a bakin tebur. Yarinyar ta runtse ido saboda hasken taga. Idanun sun yi ja, hanci na zuba. Ya tambayi tun yaushe take tarin nan, Tabawa ta ce kwana huɗu, mura ce.

Ya danne harshenta da ɗan katako, ya haska tocila cikin kuncinta. Ya daɗe yana dubawa. Ya cire mata hula, ya lanƙwasa kunnenta ya dubi bayansa, ya shafa wurin da yatsa. Ya dubi bayan ɗayan.

Hajara ta ga Madam Mariama ta matsa ta tsaya tsakanin teburin da gadon Balkisa.

Likita ya tambayi Tabawa ko ta kai yarinyar wani wuri cikin sati biyun nan. Ta ce a'a. Ya sake tambaya, a hankali. Ta saci kallon Hajara, sannan ta ce sau ɗaya ne, ran da Tanimu ya tafi. Ta ji labarin mutanen ƙauyensu sun yi bukkokin kwali a bayan kasuwar Katako, ta je da Kadi ta tambayi ko an ji ɗuriyar mijinta. Ba ta daɗe ba. Ta dai zauna a bukkar wata ƙawarta, yaranta uku suna kwance ba lafiya.

Ya kashe tocilar.

"Ƙyanda ce."

Hajara ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. Sharaɗi na biyu ya dawo mata da muryarta, yadda ta maimaita shi a ɗakin nan.

"Madam, ki tuna da kyau," likita ya ce wa Hajara. "Tun da ta fara tarin nan, ta kusanci Balkisa?"

Hajara ta hango ɗakinsu a ranta. Tabarma ɗaya. Gidan sauro ɗaya. Ta buɗe baki za ta amsa, Tabawa ta riga ta.

"Da safe in na ba Kadi ƙwayar," ta ce, "sai in ɗebi ruwan sukarin in ba Balkisa."

"Da me?"

"Cokalin ɗaya ne."